Yadda Ake Gane Tsohon Keke, a San Shekarunsa, a Dawo da Shi Kan Titi da Taimakon Waya

A gidaje da dama akwai wani tsohon baƙin keke da aka jingine a zaure ko a bayan ɗaki. Taya ta sace, kaca ta ci tsatsa, kaji sun mai da kariyarsa wurin kwana. Na kaka ne ko na baba, kuma ƙarshensa yawanci ɗaya ne: wata rana mai sayen gwangwan zai ɗora shi a sikeli, ya biya kuɗin ƙarfe, ya yi gaba.

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, mutane da yawa suka sake waiwayar keke. Daga nan asara iri biyu ta bayyana. Akwai wanda ya sayar da keken Ingila na asali a farashin kilo saboda bai san abin da ke hannunsa ba. Akwai kuma wanda ya biya kuɗi masu yawa a kan keken da aka fesa wa baƙin fenti aka manna masa sitika mai sunan Raleigh. Wannan darasi zai nuna yadda ake kauce wa duka biyun. Babban kayan aikin bincike kuwa yana aljihun kowa, wato wayar hannu.

Mataki na 1: Hoto kafin sifana

Kada a kwance ko da noti ɗaya sai an ɗauki hoto. A fito da keken inuwa mai haske da safe ko da yamma, domin rana tsaka tana sa ƙarfe ya yi ƙyalli ya ɓoye rubutu. A buɗe masa kundin hotuna na musamman a waya, sannan a ɗauki waɗannan:

- keken gaba ɗaya ta ɓangaren da kaca take, sannan ta ɗaya ɓangaren;
- tambarin ƙarfe da ke goshin keken, ƙasa da kai;
- babban faifan haƙora da feda ke juyawa;
- kafaɗar fok, wato inda ƙafafun ƙarfe biyu masu riƙe tayar gaba suka haɗu;
- cibiyar ƙafar baya da ta gaba;
- ƙarƙashin sirdi;
- duk wata lamba ko rubutu da aka buga a jikin ƙarfe.

Lambar da fenti ko tsatsa suka cinye tana da dabarar karantawa. A goge wurin da tsumma mai ɗan kananzir, a kashe filashin kyamara, sannan a ari wata waya a haska tocilan daga gefe, a kwance kusan daidai da jikin ƙarfen. Hasken gefe yana jefa inuwa cikin ramin kowace lamba sai ta fito. Idan har yanzu ba ta fito ba, a goga alli a wurin a share samansa, farin zai zauna a cikin ramukan. Wayar da ke da kyamarar ɗaukar ƙananan abubuwa ta kusa ta fi dacewa. Wadda ba ta da ita, a ja da baya kaɗan a zuƙo hoton sau biyu, ya fi a kusanta har ya dishe.

Google Lens yana taimakawa wajen gane tambari, musamman wanda rubutunsa ya goge ko na harshen Sin. Sai dai kamanni kawai yake dubawa. Idan aka nuna masa sitikar jabu mai sunan Raleigh, Raleigh zai ce. Amsarsa mafarin bincike ce, hukunci kuma sai an duba ƙarfen da ido.

Mataki na 2: Wane kamfani ne ya ƙera shi?

Baƙin keke mai birkin sanda da manyan tayoyi zubin Ingila ne. Shugaban wannan gida shi ne Raleigh, wanda ya taso a birnin Nottingham a ƙarshen shekarun 1880 ƙarƙashin Frank Bowden, ya kuma samo sunansa daga titin da ƙaramin shagon farko yake. Kamfanin ya yi ta haɗiye abokan gasarsa: Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekunan BSA a 1957. A 1960 kuma kamfanin Tube Investments, mai riƙe da Hercules da Phillips, ya haɗe da Raleigh. Shi ya sa za a ga keke mai tambarin Hercules ko Phillips amma ƙirar jikinsa ta Nottingham ce. Raleigh ya yi masana'anta a Kano, saboda haka keke na iya zama Raleigh na gaskiya ba tare da ya fito daga Ingila a haɗe ba.

Daga baya kekunan Asiya suka cika kasuwa, su ma a kan wannan zubin: Phoenix da Forever daga Shanghai, Flying Pigeon daga Tianjin wanda aka fara a 1950, sai Hero daga Ludhiana a Indiya wanda aka kafa a 1956, da Avon. Daga nesa duk kama suke yi. Ga wuraren da suke rabuwa.

Tambarin goshi. Na Raleigh kan zalɓe ne, ƙarfe ne da aka kafe da ƙananan ƙusoshi. A duba gefensa da kyau. Idan akwai ramukan ƙusa da ba kowa a ciki, ko sawun wani tambari mai wata siffa a jikin fenti, an sauya shi.

Faifan haƙora. Tsofaffin kamfanonin Ingila suna huda alamarsu a cikin faifan. Na Raleigh kawunan zalɓe ne a zagaye, na Rudge tafin hannu, na Humber mutane ne riƙe da hannun juna, na Hercules harafin H, na Phillips kuma sunan ne a rubuce. Idan gidan kaca ya rufe faifan, akwai murfi zagayayye da ake ɓamɓarewa a leƙa.

Kafaɗar fok. Ta Raleigh bututu ce a kwance, da ɗan murfi fari mai loɓawa a kowane gefe. Humber kuma an san shi da fok mai siraran sanduna biyu a kowane ɓangare.

Zaren noti. Wannan ita ce shaidar da mai jabu ba ya iya sauyawa. A wuya da gidan feda, tsofaffin kekunan Nottingham suna da zare 26 a kowane inci, yayin da ma'aunin da akasarin kamfanoni ke bi 24 ne. Gidan fedar kuma ya fi faɗi, milimita 71 ko 76, maimakon 68 da aka saba. Rula ta makaranta ta isa a auna faɗin.

Doka a nan ita ce kada a yarda da shaida ɗaya. Tambari, faifai, sirdi da ƙafafu duk ana cirewa a ɗora a wani keken. Jikin keken da lambarsa su ne ba sa ƙarya.

Mataki na 3: Shekararsa nawa?

Shaida ta farko, kuma mafi sauƙi, tana cibiyar ƙafar baya idan keken mai giya uku ne. Kamfanin Sturmey-Archer, wanda ya fara a 1902, yana buga shekara da wata a jikin cibiyar, kusa da sunansa. Idan aka ga 74 da 6, an ƙera ta a watan Yuni na 1974. Samfurin da aka fi gani shi ne AW, wanda ya fito a 1936. Haka ma cibiyar da ke ba da wutar fitila mai suna Dynohub tana ɗauke da irin wannan lamba. Keken yakan biyo bayan cibiyar da 'yan watanni, domin ita ake fara ƙerawa a ajiye. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama ƙafar ta asali ce.

Yawancin kekunan da suka yi aiki a nan masu giya ɗaya ne, don haka sai a koma shaida ta biyu, lambar jikin keke. Ana samunta a saman bututun da sirdi ke shiga, ko a ƙarƙashin gidan feda, ko a bakin ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya. Daga wajen 1974 Raleigh ya fara tsari mai sauƙin karantawa: haruffa biyu, sai lambobi. Harafin farko masana'anta ce, N na nufin Nottingham, W kuma Worksop. Na biyu yana nuna lokaci a cikin shekarar. Lambar farko da ta biyo su ita ce lambar ƙarshe ta shekara. A ɗauka an ga lamba ta fara da NK7. Nottingham ke nan, a shekarar da ta ƙare da 7, wato 1977 ko 1987. Sauran alamomin jikin keken ne za su raba gardamar. Lambar da ba ta da wannan siffa kada a tilasta mata wannan karatu, domin kafin 1974 kamfanin ya yi amfani da tsare-tsare daban-daban har yana maimaita lambobi.

Shaida ta uku ita ce ƙananan alamomi. Haruffan TI a jikin keke ko a wani sashensa suna nuna tsakanin 1960 da 1987, shekarar da Tube Investments ya sayar da Raleigh. Sirdin fata na Brooks wani lokaci yana da lambar shekara a ƙarfen ƙarƙashinsa ta baya. A ƙirga wayoyin ƙafa kuma: tsohuwar al'adar Ingila ita ce 32 a gaba da 40 a baya, daga baya aka koma 36 gaba da baya. An daina haɗa Raleigh a Nottingham a 2002, saboda haka duk wanda ya ce sabon kekensa na bana daga can aka ƙero shi, zance ne kawai.

Shaida ta huɗu tana cikin gida. A tambayi dattawa, a ɗauki muryarsu a waya. Ba lalle su tuna shekara ba, amma za su ce an saye shi shekarar da aka haifi wance, ko bayan an sayar da gyaɗa kafin yaƙin basasa. A duba akwatin takardu. Rasidin da aka rubuta kuɗinsa da fam da sule ya girmi 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta fara aiki. A da hukuma tana karɓar kuɗin lasisin keke, kuma takardar da ke ɗauke da sunan En'e ta girmi garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976.

Idan shaidu biyu suka haɗu a wuri ɗaya, an samu amsa. Idan suka saɓa, a ɗauki ta jikin keken, a ɗauka ɗayan sashen sauyi ne. Cewa keke na tsakiyar shekarun 1970 ne ya fi a ƙirƙiro masa shekarar da ba ta da hujja.

Gargaɗi ga mai saye: lambar da aka goge da zarto ko aka cike da walda alamar kayan sata ce. Ko da farashin ya yi daɗi, a bar shi.

Mataki na 4: Ya cancanci gyara kuwa?

Kafin a kashe ko sisi a duba ƙashin keken. A bi duk wata mahaɗar bututu da tocilan ana neman tsaga. A shafa hannu a ƙarƙashin bututun da ya sauko daga wuya zuwa gidan feda, dab da wuyan. Idan aka ji kumburi ko fenti ya yamutse a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba. A tsaya a gefe a dubi fok: saman ƙafafunsa ya kamata ya bi layi ɗaya da wuya. Idan ya lanƙwashe baya, shi ma sawun karo ne.

Gwajin zare yana nuna ko jikin ya murɗe. A ɗaura zare a bakin ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya ta dama, a zagayo da shi ta gaban wuya, a dawo a ɗaura a na hagu. A auna tazarar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi a kowane gefe. Idan bambancin ya wuce milimita uku ko huɗu, sai an kai wa ƙwararre ya miƙe.

Tsatsar sama ba matsala ba ce. Wadda ta ci ƙarfe ita ce abin tsoro. A danna wuraren da suka fi baƙi da bakin sukudireba, musamman sandunan da suka tashi daga gidan feda zuwa ƙafar baya, inda ruwa ke kwanciya. Idan ƙarfen ya loɓa ko ya huje, wannan keken ba na hawa ba ne kuma. Fok ɗin da ya tsage kada a yi masa walda a ci gaba da hawa, domin idan ya karye a guje, fuska ce za ta fara isa ƙasa.

Mataki na 5: Kwancewa

Kwana biyu ko uku kafin a fara, a riƙa ɗiga man sassauta tsatsa a kan kowane noti safe da yamma. Inda babu shi, kananzir da aka haɗa da ɗan sabon man inji yana aiki. Duk sashen da za a cire, a ɗauki hotonsa kafin da bayan cirewa. Birkin sanda ya fi buƙatar haka, har da ɗan bidiyo, saboda sanduna da ƙananan notocinsa suna da yawa kuma kowanne da fuskarsa. A zuba kayan kowane sashe a gwangwani ko leda daban, a rubuta suna a jiki.

Notocin tsofaffin kekunan Ingila na ma'aunin Whitworth ne, sifanar milimita ba ta zama daidai a kansu. Idan aka matsa da ita za ta cinye kan notin. Sifana mai ƙari da ragi wadda aka matse sosai ta fi.

Wurare huɗu ne sabon hannu ya fi yin ɓarna:

1. Fedar hagu zarenta a juye yake. Ana kwance ta ta fuskar da ake ɗaure sauran notoci. Haka ma kofin gidan feda na ɓangaren kaca, wanda ma ya fi kyau a bar shi a wurinsa a wanke shi a nan.

2. Ƙusar da ke riƙe hannun feda. A sassauta notinta har ya yi daidai da bakin zaren, a tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututun ƙarfe da ya tsaya a ƙasa, sannan a buga sau ɗaya da ƙarfi. Ƙananan duka da yawa lanƙwasa ta suke yi, duka ba tokari kuma boris da kofi yake lalatawa.

3. Kan keke. A fara raba sandunan birki, a sassauta dogon notin sama zagaye uku ko huɗu, a ɗora katako a buga shi ƙasa. Sai kan ya saki.

4. Dynohub. Kada a raba mayen ƙarfen ciki da abin da yake zagaye da shi. Da zarar an raba su ƙarfinsa ya ragu, fitila ba za ta sake haske kamar da ba.

A shimfiɗa tsohon zane a ƙasa kafin a buɗe wuya, cibiya ko gidan feda, domin boris a sake suke, za su watse. A ƙirga na kowane gefe a rubuta a waya. A gidan feda 11 ne a kowane gefe, masu girman rubu'in inci.

Kofunan wuya da na gidan feda na asali kada a yar da su. Saboda bambancin zaren nan na 26 da 24, na kasuwa zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije. Idan aka tilasta shi da ƙarfi, zaren jikin keken ne zai tafi, kuma wannan ita ce ɓarnar da ta fi kowacce wuyar gyara.

Mataki na 6: Wanki da cire tsatsa

Tsohon giris kananzir ne maganinsa, da tsohon buroshin haƙori. A guji fetur, saboda tururinsa yana kama wuta daga nesa. A yi aikin a waje, nesa da murhu.

Farin ƙarfe mai ƙyalli, kamar kai, rim da hannun feda, a goge shi da takardar alminiyam ta naɗe abinci da aka dunƙule aka tsoma a ruwa. Ta fi ƙarfen laushi, tana ɗauke tsatsa ba ta karce shi. Samfefa a kan farin ƙarfe kuwa tana cire ƙyallin har abada.

Notoci, sifirin da sandunan birki a jiƙa su a ruwan khal ko ruwan lemun tsami su kwana. Da safe a goge, a ɗauraye a ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a shanya a rana, a shafa mai nan take. Idan aka bar su ba mai, kafin yamma sabuwar tsatsa ta hau. Tambarin goshi ba ya shiga wannan jiƙo.

Maganar fenti tana son haƙuri. Keke mai fentinsa na asali da siraran layukan zinariya, ko da sun koɗe, ya fi wanda aka fesa wa sabo daraja a wurin waɗanda suka san kaya, domin shi ne shaidarsa. A wanke da sabulu mai laushi, a bushe, a shafa man goge mota. Sau da yawa baƙin da ake zaton ya mutu yana dawowa. Wuraren da suka ɓantare a cire tsatsarsu a ɗiga fenti da ƙaramin buroshi. Sai idan tsatsa ta mamaye jikin ne za a yi sabon fenti, kuma kafin nan a ɗauki hoton kowane rubutu da rula a gefensa, a rufe tambari, a kuma kula kada fenti ya cike lambar jiki. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, saboda haka a jiƙa samfefa a ruwa, a rufe hanci, a nisanta yara.

Sirdin fata ba a wanke shi da ruwa. A goge ƙura, a shafa man fata kaɗan ta ƙasa da ta sama, a bar shi ya sha. Mai da yawa yana sa fata ta saki ta zama kamar faifai. Notin da ke hancin sirdin kada a ɗaure shi a kan busasshiyar fata, yagewa za ta yi. Wanda ya riga ya yage, a kai ƙarfen da tsohuwar fatar wurin baduku ya yanka sabuwa a kan zubinta.

Mataki na 7: Abin da dole a saya sabo

Taya, tif, ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyi a cikin rim, robar birki da boris, duk sababbi za a sa. Boris ba su da tsada, kuma tsofaffin sun riga sun ɓata siffa ko da ido bai gani ba.

Wurin sayen taya ne ake yawan asarar kuɗi. Tayar da ake kira 28 iri biyu ce. Ta baƙin keke mai birkin sanda ita ce 28 x 1 1/2, wadda bakinta milimita 635 ne. Ta kekunan zamani da ake kira 700C ita ma wasu suna ce mata 28, amma 622 ce, ba za ta hau ba. Haka 26 x 1 3/8 ta kekunan Ingila masu giya uku 590 ce, 26 ta kekunan hawa dutse kuma 559. A nemi lambar milimita a gefen tsohuwar tayar, kamar 40-635, a ɗauki hotonta a tafi da shi kasuwa.

Kaca ana auna ta da rula. Daga tsakiyar wata ƙusa zuwa ta 24 bayanta inci 12 ne cif, wato santimita 30.5. Idan ta wuce da milimita ɗaya da rabi, a sauya ta. Idan ta kai uku, haƙoran baya ma sun cinye, a sauya su tare. Faɗin kacar irin wannan keke 1/8 na inci ne. Ƙusar hannun feda ta kekunan Ingila milimita 9.5 ce, a tafi da tsohuwar a gwada.

Mataki na 8: Haɗawa da gwaji

A bi hotuna daga na ƙarshe zuwa na farko. A cika kowane kofi da sabon giris, a jera boris a kai. Matsin da ake so shi ne sashen ya juya sumul ba ya girgiza ba ya cijewa. Ƙusoshin hannun feda biyu su fuskanci ɓangarori mabambanta, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Ana zaunar da ƙusar da guduma ne tare da tokari, notin riƙewa kawai yake yi.

Tsohuwar cibiyar gaba ta Raleigh ba ta da notin kulle. Gefenta ɗaya kafaffe ne, ɗayan ake juyawa. Kafaffen ya zauna a dama. Idan aka juya ta, tafiya za ta riƙa matse ta har ta cije.

Cibiyar Sturmey-Archer mai take sha, ta ƙaramar ƙofar da ke jikinta, ɗigo kaɗan lokaci zuwa lokaci. Sau da yawa wadda aka zata ta mutu tana farfaɗowa da mai kawai. Saitinta: a sa giya ta biyu, a ja ko a sassauta wayar har kafaɗar ƙaramar sandar da ke cikin aksul ta yi daidai da bakinsa, ana ganinta ta ramin notin. Idan saiti ya kauce, AW tana da wani gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza. Kada a miƙe tsaye a kan feda sai an tabbatar da saitin.

Birkin sanda yana jan roba ne sama ta ciki da rim, saboda haka ƙafar da ba ta zagaye daidai ba za ta sa birki ya riƙa kamawa yana saki. Daidaita wayoyin ƙafa aiki ne na gwaninta, kuma kuɗin da mai gyaran keke zai karɓa bai kai na sabon rim ba. Gidan robar birki yana da baki rufaffe da buɗaɗɗe. Rufaffen ya dubi gaba, in ba haka ba robar za ta zame ta fita a birkin farko.

Gwajin farko a yi shi a fili, a hankali. A kama birkin gaba a tura keken gaba da baya, idan wuya yana ƙwanƙwasa a ƙara matsi. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku a sake bin notoci, musamman na hannun feda. A kuma riƙe cewa birkin sanda a kan rim na ƙarfe yana rage kamu sosai idan ya jiƙe. Da damina a fara kama birki tun da nisa.

Ajiye tarihinsa

Bayan an gama, a buɗe manhajar rubutu a waya a rubuta lambar jiki, shekarar da aka ƙiyasta da hujjarta, abin da aka sauya da ranar da aka sauya. A haɗa da hotuna da muryar dattawa, a ajiye kwafi a Google Drive ko a tura wa wani ɗan'uwa. Idan aka sace keken, wannan lambar ce hujjar mallaka. Idan za a sayar, ita ce za ta hana mai saye ya taya shi da farashin ƙarfe, kuma adalci ne a faɗa masa abin da yake na asali da abin da aka sauya. Tsofaffin sassan da aka cire a zuba su a buhu a ajiye tare da keken.

Keken gado kuma ba na mutum ɗaya ba ne sai an raba. Kafin a taɓa shi, a nemi izinin manya da sauran magada. Daga nan a fito da shi inuwa, a goge goshinsa, a ɗauki hoto na farko.